Na kwana a gadon raga, sanyi ya ci ni ta ƙasa: me zan shimfiɗa?

Nura Malali:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka saba kwanan waje. Asabar ɗin da ta wuce na kwana a gonar kawuna da ke kan hanyar Zariya, na ɗaura gadon ragata tsakanin mangwaro biyu. Na tafi da barguna biyu masu nauyi, irin masu hoton damisar nan, ga rigar sanyi ga hula. Farkon dare lafiya lau, har ina yi wa kaina kirari. Wajen ƙarfe biyu na farka, ƙirjina ɗumi har da ɗan gumi, amma bayana da mazaunaina kamar an ɗora ni a kan ƙanƙara. Na ninka bargo ɗaya na tura ƙarƙashina, ya ɗan yi dama-dama, kafin wani lokaci ya zame ya dunƙule a ƙuguna. A cikin mota na ƙarasa daren, ina jin mai gadi yana dariya ƙasa-ƙasa. Kuma fa wayata digiri 15 kawai ta nuna. To a watan Janairu muna shirin zuwa Jos, wajen duwatsun Shere. In Kaduna ta yi min haka, ina ga can? Wace irin shimfiɗa zan nema?

Sadiq:
Wa alaikumus salam. Shawarata ita ce ka nemi ɗaki mai ƙofa. Mutum da gadonsa da katifarsa ya je ya rataye kansa a bishiya kamar jemage cikin hunturu, sannan ya zo yana tambayar dalilin jin sanyi.

Nura Malali:
Sadiq, ranar da muka hau dutsen Kufena wa ya riƙa cewa a dakata ya huta tun ba a kai rabi ba? Bari manya su yi magana.

Abba Barnawa:
Nura, abin da ya same ka ya sami duk wanda ya fara kwana a raga. Bargo ba shi ne ke kawo ɗumi ba, jikinka ne murhun. Aikin bargo shi ne ya riƙe iskar da jikinka ya ɗumama a tsakanin gashinsa. Da zarar ka kwanta a kai, nauyinka ya matse shi, iskar ta fice, ya zama ƙyalle kawai. A ƙasa ma haka ne, sai dai a raga abin ya fi muni, don iska na wucewa ta ƙarƙashinka tun daga magariba har asuba, tana kwashe ɗumin tana gaba. Tsakaninka da ita kuwa ɗan yadin lailon ne wanda bai kai kaurin hankici ba. Ko barguna goma ka lafta a sama, bayanka na nan a buɗe. Ni ko digiri 20 ne, in ba shimfiɗa, kafin asuba sai na ji shi.

Shimfiɗun da ake yi don wannan iri uku ne. Akwai ta roba mai toshasshen ido wadda ake naɗewa ko a ninke. Akwai ta hurawa. Akwai kuma mai soso a ciki da ke jan iska da kanta in ka buɗe bakin, wadda kamfanin Therm-a-Rest na Amurka ya fara fitarwa a farkon shekarun 1970. Kowace da lambar da ake kira R a jikinta, yawan lambar yawan tare sanyi. Ta roba mai ninkewa irin Z Lite Sol lambarta 2, nauyinta wajen giram 400. Masu kyau na hurawa suna wuce 4. Don Jos ni zan ce ka nemi ta hurawa mai 4, ka huta.

Baba Sajan:
Yaro, duk wannan lissafin na lamba kaza da kaza yaushe aka haife shi? Mun kwana a daji shekara da shekaru ba mu san wata R ba. Kwali. Ka je wajen masu sayar da firji ka roƙi kwali babba, ka yanka daidai tsawonka, ka shimfiɗa. Kyauta ne, in ya lalace ka hura wuta da shi ka dafa shayi. Shi kansa wannan gadon naku ba sabon abu ba ne, amuku tsofaffinmu ke ce masa, a ciki ake ɗaukar Turawan mulki in za su rangadi.

Abba Barnawa:
Ranka ya daɗe Baba, kwali na aiki, ban musa ba, ramukan cikinsa iska ce a tsare. Amma a ƙasa kuka shimfiɗa shi. A raga lanƙwasa yake yi ya karye, gefensa ya riƙa sukar mutum, kuma in gumi ko raɓa ta taɓa shi ya zama tuwo.

Baba Sajan:
Raɓa a hunturu? Leɓenka ma tsagewa yake don bushewa.

Abba Barnawa:
A cikin gari haka ne Baba. A bakin rafi ko fadama kuwa akan samu da asuba. Gumin bayan mutum ma ya isa.

Bashir Mai AC:
Ku ba ni wuri in sa baki, don tare zafi da sanyi shi ne abincina. Nura, kar ka yarda wani ya sayar maka da soson katifa a ce shi ne. Soso iri biyu ne. Na katifa da na kujera idonsa a buɗe yake, kamar soson wanka: ka danne shi ya lotse, iska ta fita, ruwa ya shiga. Wanda kake so shi ne mai toshasshen ido, kowane ɗan kumfa a cikinsa a rufe yake ruf, ko ka zauna a kai iskar ba ta da hanyar fita. Irinsa ne baƙar robar nan da muke naɗe bututun AC da ita, kuma ana sayar da ita falle-falle, ba sai ta bututu ba. Irinsa ne kuma farin nan mai santsi da ake naɗo talabijin da shi a kwali.

Ga yadda za ka gane a kasuwa ba sai ka tambayi kowa ba. Kafa bakinka a jiki ka hura da ƙarfi. In iska ta fita ta ɗaya gefen ka ji ta a tafin hannunka, ajiye musu kayansu. In kumatunka suka cika iskar ta ƙi wucewa, shi ne. Ko ka ɗiga masa ruwa: na kirki ruwan zai tsaya a kai kamar a kan ganyen gwaza. Kauri kuma kar ya gaza santimita ɗaya. Tabarmar motsa jiki da mata ke saya yawanci ba ta kai rabin haka ba, shi ya sa ba ta yin komai.

Nura Malali:
Oga Bashir Allah ya saka da alheri. Amma in shiga shago in kama kayan mutane ina hurawa da baki? Za su ce na taɓu.

Bashir Mai AC:
Gara su ce ka taɓu a Kaduna da ka daskare a Jos.

Malam Ɗanjuma:
Ni mamaki nake yadda duk kuka tsallake buzu. Almajiri ya san shi, malamin zaure ya san shi. Gashin tunkiya ko ka zauna a kai ba ya mutuwa murus kamar auduga, yana da tauri, yana ɗagowa. Fatar kuma iska ba ta ratsa ta. Buzun da nake karatu a kai tun na mahaifina ne, na kwana a kansa a kan siminti cikin tsakiyar sanyi a Zariya ba sau ɗaya ba. Bayan layya fatu ba sa wuya, a ba majema su gyara maka.

Abba Barnawa:
Allah gafarta Malam, wannan kam gaskiya ce, buzu ya fi bargo nesa ba kusa ba a ƙarƙashin mutum. Matsalarsa biyu: gajere ne, daga kafaɗa zuwa ƙugu zai tsaya, sannan nauyi. In da mota za a je har wurin kwana, babu laifi. In kuwa goya kaya za a yi a hau dutse, kowane kilo sai ka san da shi.

Malam Ɗanjuma:
To ai daga kafaɗa zuwa ƙugun nan ne yaron ya ce sanyin ya kama shi.

Usman Kawo:
Bari in ba ku labarin ta hurawa, tunda Abba yana ta yabonta. Bara na samu wata a wajen wani mai gwanjo, mai kyau, ruwan lemo, har da 'yar jakarta. Na hura a gida ta kwana ba ta sace ba. Muka je kwana bayan gari. Da magariba na ce bari in shimfiɗa ta a ƙasa in ɗan zauna in ci abinci kafin in sa ta a raga. Ashe akwai tsidau a wurin. Ban ji komai ba, ban ga komai ba. Ƙarfe ɗaya na dare na ji bayana ya taɓa yadi. Na sauko na hura, na koma. Ƙarfe biyu da rabi haka. Sau huɗu ina saukowa cikin duhu da tocila a baki. Washegari na tsoma ta a baho a gida, sai ga 'yan kumfa na fitowa daga huji biyu ƙanana kamar bakin allura. Ita ta hurawa in ta sace ba ragowar ɗumi, daga 4 ɗin nan sai sifili. Ta roba kuwa ko wuƙa ka caka mata tana nan tana aiki. A ƙasarmu ta ƙaya da ƙarangiya ni na gama da ta iska.

Abba Barnawa:
Usman, wannan laifin tsidau ne da mai shimfiɗawa. Ana sayar da su da abin faci.

Usman Kawo:
Ka taɓa neman hujin allura ƙarfe ɗaya na dare a daji babu baho?

Abba Barnawa:
Na sallama wannan. Amma bari in faɗi abin da ya fi huji muhimmanci, wanda ban faɗa da farko ba, kuma ya shafi kowace iri: faɗi. Yawancin shimfiɗun nan faɗinsu santimita 51 ne, don an yi su ne saboda mai kwana a ƙasa. Raga kuwa naɗe mutum take yi ta gefe, ta matse kafaɗu da gwiwar hannu. Sai ka ga bayanka ɗumi, amma kafaɗarka da ta zarce shimfiɗar ta manne da yadi tana shan iska. Haka ya faru da ni a Mambila: tsakiyar baya lafiya, kafaɗu biyu kamar ba nawa ba. Akwai masu faɗin 64, su ya kamata mai raga ya nema. In kuma roba za ka yanka irin ta Oga Bashir, to ka yanka 70 ko fiye, ko ka yanko wani guntu ka gicciya shi a daidai kafaɗa ya yi kamar fukafukai.

Sannan ita lambar R, tun 2020 manyan kamfanoni suka koma auna ta da ma'auni guda, don haka ana iya kwatanta ta wannan da ta wancan. Amma a kwance ake auna ta tsakanin faranti mai ɗumi da mai sanyi, ba a rataye iska na kaɗawa ba. Kar a ɗauke ta kamar alkawari. Abu mai daɗi shi ne ana tara ta: roba mai 2 ka ɗora wata mai 2, ka samu 4. Wadda kuma ba a san kamfaninta ba, aka buga mata lamba a kwali, ni ba na yarda da lambar.

Nura Malali:
Yaya Abba, ka fara da cewa in sayi ta hurawa, yanzu kuma kamar kana komawa layin Oga Bashir.

Abba Barnawa:
Na duba kuɗinta ne yau da safe. Da canjin dala na yanzu, mai kyau ɗin sai ka sayar da tunkiya. Ka fara da roba.

Sista Hauwa:
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Na ga ana maganar sanyi, na san ƙarshenta wani zai ce a kai kaskon gawayi. Don Allah kar a kwana da garwashi a cikin tanti ko mota ko ɗaki a rufe. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari ba shi da launi, mutum barci kawai zai ji yana daɗa nauyi. Duk hunturu sai an kawo mana irin wannan. Kuma shi yadin raga tartsatsi ɗaya ya ishe shi ya narke. In ana son ɗumi, a zuba ruwan zafi a gora mai kauri mai murfi gam, a saka ta cikin safa, a rungume ko a sa tsakanin cinyoyi. Ba gorar ruwan sayarwa ba, wannan lanƙwashewa take. A ci abinci mai nauyi kafin a kwanta, a canza safar da aka yini da ita, ko da ana ganin a bushe take.

Nura Malali:
Na gode Anti. Wallahi daren nan har na yi tunanin jawo kaskon mai gadi in sa a ƙarƙashina.

Sadiq:
Da mun ci kilishin Malali.

Baba Sajan:
Maganar 'yata Hauwa ita ce magana. Sannan ku yaran nan, kafin ku damu da shimfiɗa ku damu da inda za ku kwana. Gona mai shinge da mai gadi daban, dajin Allah daban. Yanzu ba da ba ne. In kun je Jos ku nemi ɗan gari ya raka ku, ku gaida mai unguwa, a san da zamanku. In aka ce kar ku kwana a saman, ku sauko ku kwana inda aka nuna muku.

Nura Malali:
In sha Allahu Baba. Akwai abokinmu ɗan can, shi zai shige mana gaba.

Rabi'u Tela:
Tun ɗazu ina karantawa ina jiran wani ya ambaci abin da Abba ya kawo min na ɗinka masa bara. Abba, ko ɓoye musu kake yi?

Abba Barnawa:
Ina zuwa kai ne a hankali. Nura, gaskiyar magana duk shimfiɗar da za ka sa a cikin raga tana da halin banza guda: zamewa. Ka juya ta yi gabas ka yi yamma. Ta roba kuma ba ta shan gumi, da asuba za ka ji bayan rigarka da danshi. Wasu ragogin falle biyu ne, ana zura shimfiɗar a tsakani, wannan ya rage matsalar. Amma maganin gaba ɗaya shi ne bargon ƙarƙashi: bargo ne da ake ratayawa a wajen ragar, ta ƙasa, ya rungume ta kamar zanin goyo. Tunda ba a kansa kake kwance ba, nauyinka ba ya matse shi, yana nan a kumbure. Ka ga matsalar da muka fara da ita ta kau ke nan. Na kanti masu gashin agwagwa tsada gare su ba kaɗan ba, shi ya sa na je wajen Rabi'u.

Rabi'u Tela:
Buhun barci na gwanjo ya samo a Kasuwar Barci, wanda zif ɗinsa ya mutu, don haka da araha ya same shi. Na farke zif ɗin na cire hular, ya zama falle ɗaya. Na yi masa kalmasa a gefuna huɗu kamar ta mazagin wando, muka zura igiyar roba mai talewa. Ta dogayen gefuna ita ke rataye shi a bakin ragar can da can, ta kai da ta ƙafa kuma ana tsuke su kamar bakin jaka. Na farko da muka yi kuskure muka yi, na ja shi ya ɗame sosai don ya yi kyau a ido, ashe in ya ɗame audugar ciki matsewa take, an koma gidan jiya. Muka sassauta, sai kuma ya yi lilo, aka samu rata tsakaninsa da ragar. Sai da muka ɗaura ragar a bayan shagona, yarona ya kwanta a ciki, Abba yana zura hannu ta ƙasa yana cewa ja, sassauta, ja, mutane suka taru suna kallo. Abin da ake so ya taɓa bayan mutum ko'ina amma kar ya matsu.

Abba Barnawa:
Ratar nan ita ce abokiyar gaba. Ko ta yatsu biyu ce, iska za ta same ta.

Usman Kawo:
Nan ma zan yi gardama. Bargon ƙarƙashi a raga kaɗai yake aiki. A saman dutse in kun isa babu bishiyu biyu da suka dace fa? Shere duwatsu ne, ba gonar mangwaro ba. Mai roba ya shimfiɗa a ƙasa ya yi barcinsa, da asuba ya yi salla a kai. Mai bargon ƙarƙashi kuwa sai ya kwana a zaune.

Abba Barnawa:
Wannan ma gaskiya ne. Shi ya sa nake tafiya da duka biyun.

Sadiq:
Wato bayan duk wannan dogon turanci amsar ita ce a sayi komai.

Bashir Mai AC:
A'a, lissafin a fili yake. Kaduna wajen mita 600 take sama da matakin teku, garin Jos wajen 1,200, ƙololuwar Shere ta haura 1,800. Duk mita dubu da ka hau ana rasa kusan digiri 6. Ga iska a sarari ba abin da ke tare ta. Don gonar kawunsa roba ɗaya mai faɗi ta isa har ta yi yawa. Don can sama kuwa sai ya ƙara wani abu a kai, ko roba ta biyu, ko buzun Malam, ko ɗinkin Rabi'u. Kuma ya ɗaura tamfol ta gefen da iskar ke fitowa, ya sauke shi ƙasa sosai. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ba sai an yi duba ba.

Maman Ilham:
Ni ba na kwanan daji, mai gidan ne ke yi. Abin tare rana na gilashin mota, mai ƙyalƙyalin nan, shi yake ɗauka. Yana da amfani ko wahalar banza yake?

Bashir Mai AC:
Hajiya yana ɗan taimakawa, amma siriri ne, kuma gumi yake tarawa fiye da komai. A matsayin ƙari a ƙarƙashin ƙafa ko kafaɗa ba laifi. Shi kaɗai kam a'a.

Maman Ilham:
Shi ya sa kullum yake dawowa da mura yana cewa ƙura ce.

Nura Malali:
Jama'a na dawo da rahoto. Ranar Alhamis Oga Bashir ya raka ni muka samo baƙar robar, falle, kaurin ta ɗan wuce santimita ɗaya. Na hura ta a gaban mai shagon, ya tsaya yana kallona, iska ba ta wuce ba. Muka yanka tsawon 180, faɗin 70, muka zagaye kusurwoyin da almakashi don kar su riƙa tokarar yadin. Warin roba gare ta, sai da ta kwana biyu a kan igiyar shanya. Jiya na koma gonar, bishiyun nan dai, bargo ɗaya kacal a sama. Na sa tsohon zanin gado a kanta saboda gumin da Yaya Abba ya faɗa, na kwanta a ɗan karkace maimakon miƙe sak, sai ta zauna ba ta zame sosai ba. Ban farka ba sai da mai gadi ya buga min ƙafa wai har an idar da salla a ƙauye. Bayana ɗumi, kafaɗu ɗumi. Dugadugaina ne kawai suka zarce suka sha sanyi, don na zame ƙasa cikin barci. Matsalarta ɗaya girma: in na naɗe ta ta kai ganga, a bayan jaka sai dai in ɗaure ta a gicciye.

Abba Barnawa:
Ka ɗaga igiyar gefen ƙafa ta fi ta kai tsawo da kamar taƙi ɗaya, ba za ka ƙara zamewa ba. Dugadugan kuma ka tura jakarka ƙarƙashinsu.

Baba Sajan:
Da kwali ne da yanzu ka sha shayi da shi.

Nura Malali:
Baba na ajiye kwalin a but saboda ko-ta-kwana. Malam Rabi'u, na samu buhun barcin, shuɗi, zif ɗin ma lafiyarsa ƙalau. Yaushe zan kawo?

Rabi'u Tela:
Kawo ranar Talata bayan la'asar, ka taho da ragar. Zif ɗin kuma nawa ne.